Ku Tambayi Anti: Allolin Mutanen Masar Na Da Da Tambayoyin Yaranmu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai a kan Masar ta zamanin Fir'aunoni, wasu daga iyaye wasu kuma yaran ne da kansu suka ari waya suka turo, shi yasa na ce bari yau mu ba su filin gaba ɗaya. Waɗanda suka yi tsawo na ɗan rage su.

Tambaya daga wata uwa a Zariya: Anti sannu da aiki. Ɗana shekararsa 9, ya aro wani littafi a laburaren makarantarsu mai hotunan mutane da kan tsuntsu da kan kare, wai allolin Masar ne, tun ranar bai bar ni na huta ba, Mama wane ne wannan, Mama me yasa wancan jikinsa kore ne. Babansa da ya gani ransa ya ɓaci ya ce a mayar musu da littafinsu, wannan koya wa yaro shirka ne. Ni na rasa inda zan tsaya.

Amsa: 'Yar uwa yawwa sannu. Da farko dai kar ki ga laifin maigida, kishin addini ne ya sa shi, kuma uban da yake leƙa jakar ɗansa ai abin a gode wa Allah ne. Amma ni a ganina mayar da littafin ba zai kashe maganar ba, don yaron ya riga ya gani, kuma gobe zai sake gani a katun ko a gem ɗin waya ko a rigar abokinsa, a can kuwa babu ke babu babansa, babu mai ce masa ga gaskiya ga ƙarya. Gara ya ji daga bakinku.

Ki tuna fa Alƙur'ani bai ɓoye mana cewa mutanen nan suna da ababen bauta ba. A Suratu Yusuf, Annabi Yusuf (AS) yana cikin kurkukun Masar ya tambayi abokan zamansa biyu, shin iyayengiji barkatai ne suka fi ko Allah ɗaya mai rinjaye, sannan ya ce musu abin da kuke bauta wa sunaye ne kawai da ku da iyayenku kuka raɗa. A Suratul A'arafi kuma fadawa ne suke zuga Fir'auna a kan Annabi Musa (AS), wai za ka ƙyale shi ya watsar da kai da allolinka. To yaron da ya san su waye Ra da Amun da Osiris, in ya zo kan ayoyin nan a islamiyya wallahi ya fi gane da me annabawan suka yi fama. Mu ma nan a tarihin Kano ai ana koya wa yara labarin Barbushe da Tsumburbura a dutsen Dala, kuma sanin hakan bai raba kowa da sallarsa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda za ki faɗa masa. Ki riƙa cewa "su a wurinsu", "sun ɗauka cewa", "sun yi imani wai", kar ki gaji da maimaitawa. Kuma dan Allah kar ki ce masa tatsuniya ce kawai suke yi don hira, ba haka ba ne, addininsu ne, sun shafe sama da shekara 3,000 a kansa, sun gina masa haikali da duwatsun da har yau ake mamakin yadda aka ɗaga su. Ki ce masa mutane ne masu kaifin ƙwaƙwalwa, sun iya lissafi da gini da magani, amma wajen sanin Mahalicci sun ɓata, suka dubi rana da kogi da dabbobi suka ba kowanne nasa ubangijin, har sunayen da masana suka tattaro daga rubuce-rubucensu sun haura 1,400. Shi mai koren jikin nan Osiris ne, kore launin shuka ne mai tsirowa, labarinsa na nan ƙasa.

Inda ban yarda ba shi ne a saya wa yaro sarƙa ko zobe mai hoton idon Horus ko alamar ank, wannan mai kama da mabuɗi, don su layu ne a wurinsu, don tsari suke ratayawa. Karantawa daban, ratayawa daban. Ni ba mai fatawa ba ce, in har zuciyar maigida ba ta kwanta ba ku ɗauki littafin ku kai wa malamin da ya yarda da shi ya duba da idonsa.

Tambaya daga wata 'yar aji biyar a Kaduna: Anti ina wuni. Me yasa suke zana su da kan dabbobi? Da gaske a lokacin akwai mutane masu kan tsuntsu?

Amsa: Lafiya lau 'yata, Allah ya yi miki albarka. A'a, ba a taɓa yin mutum mai kan tsuntsu ba. Alama ce suke yi, su dubi halin dabba sai su ɗora wa abin bautarsu kanta, don wanda ya gani ya gane aikinsa ko bai iya karatu ba, kuma a lokacin kaɗan ne ƙwarai suka iya karatun.

Kin ga shaho yana tashi can ƙololuwa kuma idonsa ba ya kuskure, sai suka ba Horus kan shaho suka ce shi ne na sararin sama da sarauta. Ra ma kan shaho gare shi amma da faifan rana a bisa kansa. Wanda yara ke cewa mai kan kare Anubis kenan, kan dila ne, saboda sun lura dila na yawan zagaya maƙabarta a bakin hamada, sai suka ce to shi ne mai gadin matattu da gyaran gawa. Tot kan jinjimi ne da shi, tsuntsun nan mai dogon baki a lanƙwashe, shi suka ba rubutu da lissafi, wani lokaci kuma su zana shi a goggon biri. Sobek kada ne, a Fayyum har kada mai rai suke kiwo a tafki suna sa masa 'yan kunne da awarwaro. Kunum kan rago, wai magini ne da yake gina jarirai da yumɓu. A gidajen talakawa kuwa waɗanda aka fi ajiyewa saboda yara da mata masu ciki su ne Bes, wani gajere mai gemu da harshe a waje, da Taweret mai siffar dorina.

Wanda ya fi nuna min yadda mutanen nan suke da lura shi ne Kepri. Kin san buzuzu ko, ƙwaron nan da ke mirgina dunƙulen kashin shanu? Sun zauna sun kalle shi yana tura dunƙulensa sai suka ce ai haka ake turo rana daga gabas kullum da safe, shi yasa za ki ga mutum da buzuzu a madadin kai. A wurinsu Ra a jirgin ruwa yake tsallaka sama, don su duk tafiyarsu a kogin Nilu ce, da dare kuma ya shiga ƙarƙashin ƙasa ya yi awa 12 yana ratsa duhu, wani ƙaton maciji Apep yana tare hanya yana son ya halaka shi, in gari ya waye su ce an sake cin Apep da yaƙi. Ke kuwa kin riga kin ji a darasin kimiyya duniya ce take juyawa, kuma kin san wanda ya halicci ranar da duniyar duka.

Tambaya daga wani malamin firamare a Maraɗi: Malama barka da war haka. Ina son labari ɗaya da zan ba ɗalibaina wanda zai haɗa sunayen da yawa, don in na jero musu kawai ba sa riƙewa. Wanne kike gani?

Amsa: Malam barka kadai, Allah ya saka da alheri. Labarin Osiris za ka ba su, babu na biyunsa.

Wai Geb wato ƙasa da Nut wato sama sun haifi Osiris da Isis da Set da Neftis. Osiris ya zama sarki, ya koya wa mutane noma da doka, kowa na sonsa, sai hassada ta kama ɗan uwansa Set. Ya sa aka auna tsawon Osiris a ɓoye aka ƙera akwati mai kyau daidai da shi, aka shirya biki, Set ya ce duk wanda akwatin ya yi wa daidai ya zama nasa, kowa ya gwada bai dace ba, Osiris na kwanciya suka rufe suka buga ƙusoshi suka jefa a Nilu. Isis ta bi sawu tana cigiya har Biblos da ke Labanon ta yanzu ta dawo da shi, Set ya sake ganowa ya daddatsa gawar gida 14 ya watsa a faɗin ƙasar, Isis da Neftis suka bi gari gari suna tsintowa, Anubis ya naɗe shi da ƙyalle, daga nan Osiris ya zama sarkin matattu. Isis ta ɓoye ɗanta Horus a cikin fadamun arewa har ya girma ya zo neman gadon ubansa, aka yi shekara 80 ana shari'a da faɗa tsakaninsa da baffansa.

Wurin da yara za su fi jin daɗi shi ne tseren jirgin dutse. An ce kowa ya zo da jirgin ruwa na dutse, Horus ya sassaƙa na katako ya shafe shi da farar ƙasa ya yi kamar dutse, Set kuwa ya fafe kan tsauni da gaske ya saka a ruwa, nan take ya nitse. A rikicin ne aka ji wa Horus ciwo a ido aka warkar masa, asalin idon nan kenan da ake gani ko'ina. Ƙarshe dai Horus ya samu sarauta.

In ka gama ka tambaye su me suka gani a bayan labarin, a nan darasin yake. Masar ƙasa ce da ruwan sama ba ya wadatar da noma, Nilu ne yake ambaliya duk shekara ya bar baƙar laka a gonaki, ka ɗan matsa kaɗan kuma sai jar hamada. Osiris shi ne shukar da ake binnewa ta tsiro, Set shi ne hamada da guguwa. Ambaliyar nan ta daina ne bayan an gama babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1970. Kar ka ce musu Set shi ne Shaiɗan ɗinsu, ba haka suka ɗauke shi ba, a zanensu shi ne ma yake tsayawa a gaban jirgin Ra da mashi yana sukar Apep, har akwai sarakuna masu suna Seti saboda shi.

Sai ka kiyaye, ka karanta kowane littafi kai kaɗai kafin ka shiga aji da shi, don a asalin labarin faɗan Horus da Set akwai batsa wadda ba ta yara ba ce sam. Za su tambaye ka yaya aka yi Osiris ya auri 'yar uwarsa Isis, ka gaya musu gaskiya haka labarin yake, wasu sarakunansu ma sun yi, kuma haramun ne a wurinmu. Zancen akwati da gida 14 ɗin daga wani Bagirke ne mai suna Plutak da ya rubuta wajajen shekara ta 100 miladiyya, in ka ga wani littafin ya kawo wani adadi kar ka ruɗe. In za ka tura su bincike a intanet su haɗa sunan Isis da Masar ta da, kar ya kai su ga hotunan 'yan ta'addan ƙungiyar ISIS, don sunan iri ɗaya ne.

Tambaya daga wani uba a Jos: Anti, 'yata ta ga hoton sikeli da zuciya a kai da wata dabba mai ban tsoro a gefe, kwana biyu ba ta barci sosai. Me zan ce mata?

Amsa: Allah sarki, a gaishe ta. Baban yarinya ka fara ce mata dabbar nan babu ita, ba a taɓa yin ta ba, mai zane ne ya haɗa kan kada da ƙirjin zaki da bayan dorina, dabbobi ukun da suka fi tsoro a bakin kogi, ya kira ta Ammit. Ka sa ta zana ta da kanta da rana, yawanci tsoron yana raguwa in yaro ya ga da fensir ake yin abin, sannan addu'ar kwanciya kamar kullum.

Hoton kuwa shari'ar mamaci ce a tunaninsu. Anubis yana ɗora zuciya a gefe ɗaya, gashin jimina na Ma'at allahiyar gaskiya da adalci a ɗaya gefen, Tot yana rubutawa, ga alƙalai 42 mamacin yana rantse musu ban yi sata ba, ban kashe kowa ba, ban yi algus a ma'auni ba, ban ƙwace nono daga bakin yara ba, ban tare ruwa a lokacinsa ba. In zuciya ta yi daidai da gashin ya wuce wurin Osiris, in ta rinjaya Ammit ta cinye. Shi yasa in suna gyaran gawa, aikin da ke cin kwana 70 suna busar da ita da kanwa, suke cire huhu da hanta da hanji da ciki amma su bar zuciya a wurinta. Hoton da ya fi yawo daga takardar wani magatakarda ne mai suna Ani, ta wajajen 1250 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tana gidan tarihin Birtaniya a Landan. Ni abin da ke taɓa ni a nan shi ne ko su da suka ɓata sun san cewa tauye mudu da cin haƙƙin yaro ba za su tafi a banza ba, kuma ƙofa ce mai kyau ta yi mata bayanin hisabi da mizani yadda addininmu ya koyar, cikin taushi.

Tambaya daga wani yaro a zangon Kumasi: Anti da gaske ne kyanwa suke bauta wa?

Amsa: Ɗana, Bastet suke bauta wa, mace mai kan kyanwa, babban haikalinta yana Bubastis kusa da garin Zagazig na yanzu, kyanwa kuma dabbarta ce. Sun so kyanwa don tana kashe ɓeraye a rumbu da macizai a gida. Herodotus Bagirke da ya ziyarci ƙasar ya rubuta cewa in kyanwa ta mutu a gida sai mutanen gidan su aske girarsu don makoki. Amma akwai ɓangaren da littattafan yara ba sa faɗa, da aka ɗauki hoton ƙashin gawarwakin kyanwoyin da aka naɗe an ga da yawa ƙanana ne an karya musu wuya, kiwonsu ake yi a kashe a sayar wa masu kai hadaya. Yawansu ya kai a 1888 aka tono wani rami a Beni Hasan, aka yi lodin kusan 180,000 zuwa Liverpool aka sayar a matsayin taki.

Tambaya daga wata ɗaliba a Sakkwato: Anti an turo mana bidiyo a WhatsApp wai gawar Fir'aunan Annabi Musa ce da aka tsamo a teku. Kuma wai akwai wani Fir'auna mai tauhidi?

Amsa: Ƙanwata, Suratu Yunus ta faɗa cewa za a tsirar da jikinsa ya zama aya, wannan mun yi imani, amma Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Gawar da aka fi yaɗawa ta Ramsis na biyu ce, wanda ya yi mulki daga 1279 zuwa 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kuma ba a teku aka same ta ba, a wani kabari ne a Deir el-Bahari kusa da Luksor a 1881, yanzu tana gidan tarihin da ke Fusɗaɗ a Alƙahira tun da aka kai ta a Afrilun 2021. Masu cewa shi ne hasashe suke yi, kar ki tura wa wani a matsayin tabbas. Abin da yake tabbas shi ne sarakunansu suna kiran kansu ɗan Ra, ana ɗaukar mai mulki a matsayin Horus a doron ƙasa, kin ga da'awar da Fir'auna ya yi a Suratun Nazi'ati daga irin wannan fadar ta fito.

Na biyun Akenaten ake nufi, ya yi mulki wajajen 1353 zuwa 1336 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya watsar da Amun da sauran, ya sa aka kankare sunan Amun a bango, ya gina sabon birni a Amarna, amma faifan rana mai suna Aten ya koma yi wa bauta, wannan kuwa ba tauhidi ba ne. Bayan mutuwarsa ba a jima ba aka koma gidan jiya, ƙaramin sarki Tutankaten ya canja suna zuwa Tutankamun, shi ne wanda Howard Carter ya gano kabarinsa a 1922.

Tambaya daga wani bawan Allah a Sudan: Hajiya, mu nan akwai irin waɗannan gine-gine a arewa. Abu ɗaya ne da na Masar? Kuma har yanzu akwai masu bauta musu a can?

Amsa: Alhaji, Allah ya kawo muku zaman lafiya mai ɗorewa. Dangantaka ce ta kusa. Dutsen Jabal Barkal da ke kusa da Karima mazaunin Amun ne a wurin mutanen Kush, sarakunansu irin su Piye da Taharka har Masar ɗin suka mulka, Taharka daga 690 zuwa 664 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Suna da nasu na kansu ma, Apedemak mai kan zaki, haikalinsa yana Naƙa, kuma dalar da ke Sudan ta fi ta Masar yawa ko da yake ƙanana ne.

Addinin kuwa ya daɗe da mutuwa. Kiristanci ne ya fara maye gurbinsa, rubutu na ƙarshe da aka sani da tsoffin haruffansu na zane an yi shi a 394 miladiyya a haikalin Isis da ke tsibirin Filae kusa da Aswan, aka rufe haikalin a zamanin sarkin Rum Justiniyan wajajen 537, sannan Amru ɗan Asi (RA) ya shigo da Musulunci tsakanin 639 da 642. Karanta rubutun ma ya ɓace sai a 1822 wani Bafaranshe Champollion ya warware shi. Misirawan yau Musulmi ne da Kiristocin Ƙibɗawa, haikalin sun zama wurin yawon buɗe ido, sai dai manoma har yau suna lissafin noma da watannin Ƙibɗawa, a ciki akwai watan Tut da watan Hatur, sunayen Tot da Hator allahiya mai siffar saniya.

Masu tambaya a kan yadda aka gina dalar Giza ku yi haƙuri fili ya ƙare, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.